Daga Doma zuwa Legas: shin dole ne ka rubuta shekarunka a CV?

Kwanakin baya wani yaro daga gida, Doma, ya turo min CV ɗinsa ta WhatsApp da ɗan saƙo a ƙasa: "Kawu, don Allah a duba min, ko akwai inda za a cusa ni a nan Legas." Duk wanda ya daɗe a Kurmi ya san irin wannan saƙon. Mutanen gida gani suke tunda kana Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal, to manajojin kamfani duk abokan shan shayinka ne.

Na buɗe takardar. Shafi uku ce. Shafin farko kacokan ya tafi a kan suna, jinsi, ranar haihuwa, garin haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, ƙabila, addini, aure ko babu, tsawo, rukunin jini, sunan magaji da lambar wayarsa, har da lambar NIN. Abin da yaron ya iya kuwa, wato shekara biyu da ya yi yana riƙe lissafin wani dillalin riɗi da iya aiki da Excel da ya koya a can, sai a ƙarshen shafi na uku na tsinto shi, layi biyu, kamar abin kunya.

Ba laifinsa ba ne. A shagon kwamfuta aka buga masa, kuma mai shagon tsohuwar CV ɗin wani ya buɗe ya goge suna ya sa nasa. Haka ake yi a Doma, haka ake yi a garin Lafiya, haka ake yi a Mile 12. Tsarin kansa gadon fom ɗin aikin gwamnati ne, inda ake tambayar duk waɗannan abubuwan saboda dalilan da za mu zo kansu. Sai mutane suka ɗauka kowace takardar neman aiki haka take.

To fom daban, CV daban. Fom na mai ɗaukar aiki ne, shi ya tsara tambayoyinsa, kai naka amsawa, kuma gaskiya za ka faɗa. CV kuwa taka ce. Kai ke zaɓar abin da zai shiga, kuma aikinta guda ɗaya ne: ta sa a kira ka intabiyu. Wanda zai karanta ta yana da tari a gabansa, ba zai ba ka minti biyar ba. Idan abin da idonsa ya fara sauka a kai shi ne shekarar haihuwarka, ka ba shi dalilin ajiye takardar tun kafin ya san me ka iya.

Lissafin da ke cin yaranmu

Mu ɗauki yaron da aka haifa a Doma a 1996, shekarar da aka ƙirƙiri jihar Nasarawa. Kamar yawancin 'ya'yan manoma, bai shiga firamare da wuri ba. Wani ma sai ya yi nisa a allo tukuna. A ce ya gama sakandare a 2015 yana da shekara 19. Ya zauna JAMB sau biyu kafin ya samu gurbi a jami'ar gwamnati a 2017, kwas na shekara huɗu. A lissafi ya kamata ya fita a 2021. Sai ga yajin aikin ASUU na 2020 da ya haɗu da kullen korona, daga Maris har Disamba. Sai kuma na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa tsakiyar Oktoba, wata takwas cur. Ya fita a 2023, ya jira a tura shi bautar ƙasa, ya kammala a 2025. Shekararsa 29.

Ranar da ya fara duba tallan aiki, abin da zai gani a na bankuna da manyan kamfanoni masu ɗaukar sababbin masu digiri shi ne: kada mai nema ya wuce 26, wasu su ce 27. Yaron bai faɗi jarrabawa ko sau ɗaya a jami'a ba, bai yi wasa ba, amma ƙofar ta rufe shekara biyu ko uku kafin ya iso bakinta. Wanda iyayensa suka biya masa jami'a mai zaman kanta, inda yajin ASUU ba ya taɓawa, ya shiga yana 16 ko 17, ya gama bautar ƙasa yana 22. Shi tallan yake kira.

A ganina wannan ƙa'idar ba ƙwazo take aunawa ba, aljihun uba take aunawa. Kamfanonin suna da hujjarsu, suna cewa yaro ya fi sauƙin horarwa, ya fi jure zirga-zirga, kuma ba shi da nauyin iyali da zai sa ya raina albashin farawa. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba: masu nema sun yi yawa, shekaru kuma rariya ce mai arha, da danna maɓalli ɗaya kwamfuta za ta zubar da rabin takardun. Amma wanda ya san yadda ɗan Rukubi ko Doma ya yi ya kai ga digiri ya san ba raggo ne aka tace ba.

Ita ma bautar ƙasa tana da nata layin. Wanda ya kammala karatu ya haura shekara 30 ba a tura shi, takardar yafewa ake ba shi. Takarda ce halastacciya daga hukumar NYSC, kuma tana tsayawa a madadin ta kammalawa wurin neman aiki. Sai dai duk mai ɗaukar aiki da ya gan ta ya riga ya yi lissafin shekarunka a ransa.

Me doka ta ce?

Mutane da yawa suna ɗauka tsarin mulki ya hana wannan. Sashe na 42 na kundin 1999 ya hana a nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda al'ummarsa, ƙabilarsa, asalin garinsa, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Ka sake karanta jerin, babu shekaru a ciki. Yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana wariya a wurin aiki kuma Najeriya ta amince da ita a 2002, ita ma ba ta ambaci shekaru da suna ba. Akwai dokoki na musamman ga wasu rukunoni, kamar ta 2014 da ta hana wariya ga masu ɗauke da cutar HIV, da ta masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Wanda aka ce ya tsufa da aiki yana da shekara 28, shi ba shi da irin wannan garkuwar ƙarara.

A watan Yulin 2023 Majalisar Dattawa ta tattauna batun, bayan Sanata Abba Moro na Binuwai ta Kudu, maƙwabtanmu, ya gabatar da ƙuduri. Majalisar ta yi kira ga Ma'aikatar Ƙwadago da ta hana masu ɗaukar aiki gindaya sharaɗin shekaru. Ya kamata a fahimta, ƙudurin majalisa irin wannan kira ne, ba doka ce da za ka riƙe ka kai kamfani kotu da ita ba. Tallace-tallacen ma ba su daina fitowa ba.

Abin ban dariya, a siyasa an sassauta. Dokar da aka sa wa hannu a ƙarshen Mayun 2018 ta rage shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, ta shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Ke nan mai shekara 28 ya isa ya yi wa ƙasa doka a Abuja, amma ya tsufa da ƙirga kuɗi a kanta.

Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin sauraron ƙarar wariya da rashin adalci a wurin aiki, har da duba yadda ake yi a sauran duniya. Tana zama a Legas da Ibadan da Fatakwal da wasu biranen. Wanda yake cikin aiki aka kore shi ko aka danne shi, yana da inda zai je. Amma wanda aka jefar da CV ɗinsa a kwandon shara, ta yaya zai tabbatar da dalili? Ba wanda zai rubuto masa cewa shekarunsa ne suka kayar da shi.

A Amurka tun 1967 akwai dokar da ta hana wariyar shekaru ga wanda ya kai 40, a Ingila kuma dokar daidaito ta 2010 ta haɗa da shekaru. Shi ya sa a waɗannan ƙasashen ba a sa ranar haihuwa ko hoto a CV, kamfanoni ma ba sa son gani don kada a zarge su. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje da kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata ta intanet da wannan idon suke karanta takardarka. Ƙasashen Larabawa kuwa akasin haka ne, masu ɗaukar aiki a Saudiyya da Dubai sun saba neman hoto da ƙasa da ranar haihuwa. Sai ka duba wa kake rubuta wa.

To a rubuta ko kar a rubuta?

Idan tallan bai tambayi shekaru ba, kar ka rubuta. Ba ƙarya ka yi ba, ba ka ɓoye wa kowa haƙƙinsa ba. Idan sun kira ka suka tambaya, ka faɗa. Bambancin shi ne a lokacin kana zaune a gabansu, sun ji bakinka, sun ga abin da ka iya, shekarun sun zama abu ɗaya cikin goma.

Idan tallan ya sa iyaka kuma kana ciki, rubuta abinka, ai riba ce. Idan ka haura da shekara ɗaya ko biyu kuma kamfani ne mai zaman kansa da ake tura wa CV ta imel, ni dai ina ba da shawarar a tura ba tare da ranar haihuwa ba, musamman in kana da gogewar da suke nema. Mafi muni su yi shiru. Amma inda fom ne na intanet mai gurbin ranar haihuwa, ko aikin ɗamara, kar ka ɓata kuɗin data. Tallan kuratan 'yan sanda ya saba cewa 18 zuwa 25, na soja 18 zuwa 22 ga marasa sana'a, har 26 ga masu sana'a, kuma a wurin tantancewa takardu ake bi ɗaya bayan ɗaya. A irin wannan aikin na gudu da ɗaukar kaya, iyakar shekaru tana da ma'ana, ba na jayayya da ita.

Sai dai ka sani, cire ranar haihuwa kaɗai ba ya rufe maganar. Mai digiri ko babbar difloma da ya rubuta firamarensa da shekarar da ya shiga aji ɗaya, ya faɗi shekarunsa ta bayan gida. Mai digiri ba ya buƙatar firamare a CV. Sakandare ma layi ɗaya ya isa. Haka adireshin imel: da yawa sunansu ne da shekarar haihuwa a manne a ƙarshe. Buɗe sabo, kyauta ne, sunanka kawai, ba laƙabin da abokai ke kiranka da shi a majalisa ba.

Ga manya kuma, waɗanda suka haura 45, direbobi da masu gadi da masu kula da sito da ma'aikatan masana'antun Ikeja da Apapa da aka sallama, matsalar ta fi tsanani kuma ba a cika maganarta ba. Ba sai ka jero duk inda ka taɓa aiki tun zamanin Babangida ba. Kawo na shekara goma zuwa sha biyar na baya-bayan nan, ka faɗi abin da ka riƙe: motoci nawa, sito mai girman me, yara nawa ne a ƙarƙashinka, shekara nawa ka yi kana tuƙi tsakanin Legas da Kano. Tsoron mai ɗaukar aiki game da babba shi ne ba zai iya da waya da kwamfuta ba, kuma ba zai bi umarnin yaro ba. Idan ka iya POS, ko taswirar waya, ko tura rahoto ta WhatsApp, rubuta shi a sama inda za a gani.

Rage shekaru

Na san abin da wasu ke cewa a ransu: ai sai a je kotu a yi takardar rantsuwa a zabge huɗu. An daɗe ana yi, har ana kiransa shekarun ƙwallo. To ita ƙwallon ma tun gasar 'yan ƙasa da 17 ta duniya da aka yi a Najeriya a 2009 FIFA ta shigo da na'urar MRI tana duba ƙashin wuyan hannu.

A da takardu ba sa magana da juna. Yanzu suna yi. Akwai ranar haihuwa a satifiket ɗin WAEC, akwai a BVN da aka fara a 2014, akwai a NIN, kuma tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. Akwai a rajistar NYSC, da fasfo, da lasin tuƙi, da asusun fansho. Ka canja ɗaya, saura shida suna nan suna ƙaryata ka. Gyara a hukumar NIMC kuɗi ne da jira da kawo hujja, ba abin da ake yi da yamma a dawo da safe ba ne. Sannan lissafi yana tona asiri da kansa: an sha ganin wanda takardunsa suka nuna ya gama firamare yana da shekara shida, ko wanda a takarda ya koma ƙanin ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya.

Manyanmu sun tuna Salisu Buhari, ɗan Kano da ya zama kakakin majalisar wakilai a 1999. Shi ƙara shekaru ya yi, ba ragewa ba. Ya ce 1963 aka haife shi alhali 1970 ne, domin a lokacin sai ka kai 30 za ka shiga majalisar, ga kuma takardar jami'ar Toronto da ba ta da asali. Mujallar The News ta fallasa, ya sauka a watan Yulin shekarar, kotu ta same shi da laifi, daga baya Obasanjo ya yi masa afuwa. Wannan mutum na huɗu ne a ƙasa a lokacin. Kai da ba ka da wanda zai yi maka afuwa, kora ce kawai, kuma sau da yawa ba a farkon aiki take zuwa ba, sai ka yi shekara goma ka tara iyali a zo tantance ma'aikata.

Akwai wata asarar da ba a lissafawa. A dokar fansho ta 2014, ba ka cin gajiyar asusunka gaba ɗaya sai ka yi ritaya ko ka kai shekara 50, duk wanda ya zo daga baya. Wanda ya rage biyar, kamfani ya sallame shi yana da 50 na gaskiya, a takarda 45 yake. Kashi 25 cikin ɗari kawai zai iya nema bayan wata huɗu ba aiki, sauran sai ya jira shekarun da ya sayar da hannunsa. A gwamnati kuma ritaya shekara 60 ce ko 35 ta aiki, malaman makaranta 65 ko 40 tun dokar 2022, to mai ragin zai ga kamar ya ci riba, har ranar da gwiwa ta ƙi kuma takarda ta ce saura shekara biyar. Ban ma taɓo maganar rantsuwa a kan ƙarya ba, wannan kowa ya san hukuncinta a wurin Allah.

Amma a yi adalci, ba duk saɓanin takardu ne ha'inci ba. Da yawanmu a gida aka haife mu, ba wanda ya rubuta rana. Tsohuwa za ta ce maka shekarar da aka yi fari ne, ko ana saura kwana kaɗan Sallar Layya. Hedimasta ya ƙiyasta ɗaya, mai cike fom ɗin WAEC ya ƙiyasta wata, yaron banki ya sa 1 ga Janairu. Idan haka taka take, gyara tun kafin ka fara neman aiki. Duba takardar da ta fi tsufa kuma ta fi wuyar canjawa, galibi ta WAEC ce, ka daidaita sauran da ita. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ke ba da takardar haihuwa, kuma tana ba manya da ba a yi musu rajista suna yara ba takardar shaida. Masu 'ya'ya ƙanana a nan Kurmi, don Allah ku karɓar musu takardar haihuwa tun suna goye, ku huce musu wannan wahalar.

Jiha, ƙabila, addini

Nan ne abin ya fi shafar mu mazauna Kudu. Dalilin da ya sa fom ɗin gwamnati ke tambayar jiha da ƙaramar hukuma shi ne tsarin raba daidai da ke sashe na 14(3) na tsarin mulki, wanda Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ke sa ido a kai. A aikin tarayya jiharka kujera ce. Ɗan Doma da ke zaune a Legas, idan zai nemi aikin kwastan ko shige da fice ko wata ma'aikatar tarayya, a kason Nasarawa zai shiga, kuma sai ya kawo takardar indijin daga sakatariyar ƙaramar hukumar Doma. Haka in zai nemi aiki a Jami'ar Tarayya ta Lafiya, ko kwalejin fasaha ta tarayya da ke Doma, ko aikin jiha. A nan rubuta jiha da ƙaramar hukuma dole ne, kuma amfaninka ne.

Wanda ke shan wuya shi ne yaron da aka haifa a Sabon Ibadan ko Agege ko Ama Hausa ta Owerri, uban ma a nan aka haife shi, kakan ne ya zo da fataucin goro ko shanu. Inda aka haife shi a ce masa baƙo ne, garin kakan kuma a ce wa ya san ka. Shawarata ga iyaye, kar a bari sai an buɗe shafin ɗaukar aiki saura kwana biyar a rufe sannan a fara neman mota zuwa Arewa. A kai yaro gida tun yana sakandare, mai unguwa da hakimi su san fuskarsa, a karɓi takardar a ajiye. Kuma jihar da aka sa a JAMB da NIN ta zama ita ce a takardar indijin.

Kamfani mai zaman kansa kuwa ba ruwansa da raba daidai. Babu dalilin da zai sa ka rubuta masa ƙabila ko addini. Sunanka ma ya riga ya faɗi abin da zai faɗa, kuma mu da ke nan mun san da an ji Arewa, Alago ne kai ko Eggon ko Tibi ko Bafulatani, sunanka aboki. Ba na cewa ka ɓoye asalinka, Allah ya kiyaye. Cewa nake kar ka cika shafin farko da abin da ba shi za a biya ka albashi a kansa ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ma ta sa addini da ƙabila da lafiyar jiki cikin bayanan da ake taka-tsantsan da su.

Abin da ya kamata ya fito, kuma kusan kullum ake mantawa, shi ne harsuna. Yaron nan namu yana jin Alago da Hausa da Turanci da Buroka, bai rubuta ko ɗaya ba. Yaran Sabo da Agege suna Yarbanci kamar 'yan gari, na Onitsha da Aba suna Ibo. Bankin da ke son buɗe wa 'yan Alaba Rago asusu, kamfanin da ke sayen hatsi a Bodija, kamfanin waya mai ɗakin amsa kiran kwastomomi, duk suna neman wanda zai yi Hausa da dillali ya juya ya yi Yarbanci da direba ya rubuta rahoto da Turanci. Wannan jari ne da ɗan jami'a mai tsada ba shi da shi.

Adireshi kuma, unguwa da gari sun isa: Agege, Legas. Ba sai ka sa lambar gida da kwatancen bayan masallaci ba. In kana Doma kana neman aikin Legas, faɗi gaskiya cewa kana Doma, ka ƙara layi ɗaya cewa a shirye kake ka koma kuma kana da masauki. In kana Legas kana neman aiki a gida, misali a gonar shinkafar Olam da ke Rukubi ko wurin masu sayen riɗi da doya, to nan faɗin cewa kai ɗan yankin ne kuma kana jin yaren manoman zai taimake ka.

Ga 'yan'uwa mata, maganar aure da yawan 'ya'ya ba ta da gurbi a CV. Wasu masu ɗaukar aiki da sun ga sabuwar amarya sai su fara lissafin hutun haihuwa, wanda dokar ƙwadago ta tanada mako 12. Ki bari sai an tambaya. Hoto ma haka, ga mace ga namiji, sai in tallan ya ce a haɗa.

Lambar NIN, BVN, lambar asusun banki, sunan magaji, rukunin jini, waɗannan kar su kusanci CV ko kusa. Takardar nan yawo take yi, daga wayar kawu zuwa guruf ɗin WhatsApp, daga nan zuwa hannun wanda ba ka sani ba, kwafi kuma yana nan a kwamfutar mai shago. Cikakken suna da ranar haihuwa da NIN da lambar waya a shafi ɗaya, ai ka haɗa wa ɗan damfara kayan miya. Ana karɓar waɗannan bayanan ne bayan an ba ka takardar kama aiki, a ofis, a fom ɗinsu. Duk wanda ya nemi BVN ko kuɗin fom kafin intabiyu, ka san inda ya dosa. Waɗanda za su tsaya maka shaida ma, kar ka baza lambobinsu sai ka nemi izininsu, ko ka rubuta cewa za ka kawo idan an buƙata.

Da muka gama da yaron ta waya a daren nan, CV ɗinsa ta dawo shafi ɗaya da rabi. Sama: suna, lambar waya, sabon imel, Doma, jihar Nasarawa, a shirye yake ya koma Legas. Sai layi uku a kan abin da ya iya. Sai aikin lissafin riɗi, da yawan buhunan da yake shigarwa a littafi a kakar saye, da koyarwar da ya yi a bautar ƙasa. Sai digiri, sai harsuna huɗu. Ya ce, "Kawu, to in sun tambaye ni shekaruna fa?" Na ce ka ce 29, ka ƙara da cewa biyu daga ciki a wurin awon riɗi ka yi su, kuma buhu ko ɗaya bai taɓa ɓata a littafinka ba. Tsohuwar mai shafi uku kuma na ce ya ajiye ta, ranar da zai cike fom ɗin gwamnati duk abin da ke ciki za a tambaye shi.